Darasin Wannan Wata: Yadda Aka Zauni Ƙasar Taura da Alamomin da Suka Rage

Darasinmu na wannan wata na tarihi ne. Mun sani wani zai ce ina ruwan mai fartanya da tarihi, ga taki ya yi tsada, ga ƙwari a gona. To, bari mu fara da abin da ya same mu, sa'an nan kowa ya auna da kansa.

Wata ƙungiya daga cikin ƙungiyoyinmu ta tara kuɗi ta gina sito domin ajiyar hatsi da taki. Mu ne muka taimaka wajen zaɓen wurin. Fili ne shimfiɗaɗɗe, kusa da hanya, mota tana iya zuwa har bakin ƙofa, mai shi kuma bai tsananta kuɗi ba. Ran da ake haƙa tushe wani tsoho ya tsaya a kanmu, ya ce su dai tun suna yara Kwari ake ce wa wurin nan, har kifi sun taɓa kamawa a ciki. Muka yi dariya, gama duk cikinmu ba wanda ya taɓa ganin ruwa ya kwana a wurin. Da daminar 1922 ba mu nan, amma ta 2022 muna nan, shekarar da ambaliya ta ci gonaki da gidaje a Ringim da sauran wurare da yawa na Jihar Jigawa. Ruwa ya shiga siton har gwiwa. Taki ya narke, dawa ta tsiro a cikin buhu. Laifin namu ne. An faɗa mana sunan wurin, mu kuwa masu takardar makaranta ba mu ji abin da sunan yake faɗi ba.

Saboda haka muka ga ya kamata mu zauna tare mu duba yadda mutanen farko suka zauni wannan ƙasa, da abin da suka duba kafin su kafa gida, da alamomin da suka bari.

Ƙasar da ba ta da dutse

Mutumin Dutse ko na Birnin Kudu ba ya shan wahala wajen nuna tarihinsa. Ga duwatsu nan tsaye. Littafin Tarihin Kano ya ambaci Dutse tun zamanin Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi sarauta daga 1438 zuwa 1452. A Birnin Kudu kuwa akwai zanen shanu a jikin duwatsu, a Dutsen Habude da Dutsen Mesa, shanu marasa tozo, irin da ba a kiwo a nan yanzu. Waɗanda suka zana su sun shuɗe tun ba a san adadi ba, zanen kuwa yana nan.

In ka baro Dutse ka biyo ta Kiyawa da Jahun ka nufo Gujungu, sai ka ga duwatsu sun ƙare. Nan rairayi ne zalla. Masanan ƙasa sun ce jigayin nan namu iska ce ta tara su a wani zamani na tsananin fari, shekaru dubbai da suka wuce, shi ya sa suka miƙe daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, daidai yadda iskar hunturu take kaɗawa. Tsakanin jigawa da jigawa akwai kwari. A kudu da mu kuma ga Kogin Haɗeja, wanda da ya baro ƙasar duwatsu ta Kano sai ya rage gudu, ya bazu cikin fadamu.

Abu biyu muke so a riƙe a nan. Na ɗaya, tun da ba dutse, alamominmu duka masu mutuwa ne: itace, rijiya, ganuwar ƙasa, shinge. Gatari yana cin itace, rairayi yana binne rijiya, damina tana narkar da ganuwa. In ba mu kula ba, tsara ɗaya ta isa a rasa su. Na biyu, wanda ya fara zama a nan tilas ya san inda tudu yake da inda kwari yake. Gida a kan jigawa, gero da wake kewaye da gida, dawa a gangare inda ƙasa ta fi nauyi, shinkafa da lambu a fadama. Rijiya kuma a gindin tudu, inda ruwa bai yi nisa ba. Ku duba tsofaffin unguwanninku, za ku tarar galibi haka aka shirya su.

Sunaye

Taura sunan itace ne. Wanda ya girma a karkara ya san 'ya'yanta, masu faɗi, masu ɓawo, da gari mai zaƙi da zare-zare a ciki. Itace ne mai jure fari, in an sare shi ma yakan toho daga saiwa. Maje ma sunan itace ne, dogo, mai ƙaro wanda ake turare da shi. Yau in kana son ganin maje da yawa sai ka yi kudu. Cakwaikwaiwa kuwa tsuntsuwa ce mai yawan surutu. Duk waɗannan sunayen mazaɓu ne na Ƙaramar Hukumar Taura, tare da Gujungu, Majiya, Kwalam, Kiri, Ajaura, Cukuto da Sabon Garin Yaya. Al'adar Bahaushe ce ya kira wuri da abin da ya tarar a wurin. Matafiyi ya ce mu haɗu a gindin taura, gobe wani ya kafa rumfa a nan, jibi wani ya kawo iyalinsa. Itacen ya mutu, sunan ya zauna.

Waɗansu sunaye kuma suna gaya mana ko wane iri ne mutumin farko. Inda aka ce Ruga, Fulani ne suka zauna da shanunsu. Tsangaya, malami ne ya fito daga hayaniyar gari da almajiransa, suka sari daji suna noma suna karatu. Zango, masaukin fatake ne. Kafi, gari ne da aka kewaye da itatuwa saboda mahara, kamar Kafin Hausa. Garu da Birni, ganuwa ke nan. Sabon Gari kuwa kullum yana da tsoho a bayansa, sai a tambaya ina tsohon yake, me kuma ya tashe shi. Inda aka ce Gidan wane ko Unguwar wane, sunan wanda ya sari wurin ne, jikokinsa kuma sau da yawa su ne masu unguwa har yanzu.

Akwai suna ɗaya da ba a cika son ambata ba, watau Rinji. Rinji ƙauyen bayi ne masu noman gandun sarki ko na attajiri. A ƙasar Kano ta dā akwai su da yawa. In ana ba da labarin kafa gari akan ce maharbi ne ya zo, ko malami, ko ɗan sarki da ya yi fushi ya bar gida. Ba a cika cewa wane ne ya riƙe gatarin ba. Dokar Turawa ta ce duk yaron da aka haifa bayan 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma sai 1936 aka kashe bauta ɗungum a Arewa. In mun zo rubuta tarihi kada mu ci fuskar kowa da wannan, kada kuma mu share waɗanda suka yi aikin.

Sunayen da suka fi amfani ga manomi ba su cikin taswira. Sunayen gonaki ne da na lunguna: Kwari, Tafki, Fako, Jan Gargari, Kufai, Maƙera, Mashaya. Kowannensu darasi ne a kan ƙasa. Fako ba ya shan ruwa. Kufai yana da ƙarfi. Kwari kuwa, mun riga mun ba ku labari.

Tashi uku

In muka bi tarihin shekara ɗari biyu da suka wuce, za mu ga mutanen wannan yanki sun sāke wurin zama kamar sau uku, kowane tashi da dalilinsa.

Zaman farko na tsoro ne. Kafin zuwan Turawa nan gabashin ƙasar Kano ne, kusa da iyaka. A arewa ga Gumel, wadda take bin Barno, ba Sakkwato ba. A gabas ga Haɗeja, inda Sarki Buhari ya yi wa Sakkwato tawaye yana kai hari ƙasashen maƙwabta har rasuwarsa a 1863. Daga baya aka yi Basasar Kano, wadda ta fara a 1893, tsakanin Tukurawa da Yusufawa, ga kuma hare-haren Damagaram daga arewa. A irin wannan zamani ba mai kai gidansa tsakiyar daji don marmari. Mutane suka cunkushe a cikin ganuwa da kafi, gonakin kusa da gari suna shan taki shekara da shekaru, nesa kaɗan kuma daji ne na namun jeji da mahara.

Da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu 1903, hari ya ƙare, sai mutane suka fara fita. Mai gona nesa ya gaji da tafiya, ya kafa bukka a gonarsa, bukka ta zama gida, gida ya zama unguwa. Yawancin ƙananan ƙauyuka masu suna Gidan wane daga irin wannan fita suka samu. Mai son saran daji yakan je wurin dagaci da 'yar gaisuwa, a nuna masa daga itace kaza zuwa itace kaza. Ba takarda. Itacen ne takardar, dattawan da suka raka shi su ne shaidu. Daga wajen 1909 kuma En'e ta Kano ta fara aiko da malamai suna auna gonaki da ƙafa domin sanya haraji, abin da aka kira kuɗin taki. Takin ƙafa ake nufi, ba na shanu ba.

Tsofaffin wuraren da aka bari su ne kufai. Ba wuya a gane kufai. In ka ga kukoki sun taru wuri ɗaya a tsakiyar gonaki, ba gida kusa, mutane sun taɓa zama a nan, gama kuka abokiyar zaman mutum ce: miyarta, garinta, igiyarta. Ka tona ƙasa za ka ga ta yi baƙi, ga tsingaro, wani wuri ga kashin maƙera, wani wuri ramukan marina da suka cike. Irin wannan gona takan yi hatsi ko ba a sa mata taki ba, domin juji da toka na shekaru masu yawa suna ƙarƙashinta. Amma a yi hankali da tsofaffin rijiyoyi. Rijiyar da rairayi ya rufe bakinta kawai tana iya burmawa da sa da garma.

Tashi na biyu na jirgi ne. Dogo ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe. Sa'an nan aka ja layi daga Kano zuwa Nguru, mil 143, aka gama a 1930. Ya biyo ta Ringim, Taura, Majiya, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa. Rairayin da dā ake rainawa sai ya zama dukiya, gama gyaɗa ba ta son ƙasa mai nauyi. Kamfanoni da Kwara suka kafa sikeli a tashoshi, jakuna da raƙuma suna kawo buhuna daga ƙauyuka. Ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu suka zo suka zauna. Ku dubi Malam Madori: tasha ce ta Haɗeja, tashar kuwa ita ta mai da ita babban gari. Gagarawa ma haka ta zama ƙofar Gumel. A wannan zamani aka sare daji mafi yawa, saura ta ragu, aka fara noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu.

Gyaɗa ta yi zamaninta ta wuce. Farin 1972 zuwa 1974 ya raunana ta, kuturun gyaɗa na 1975, wanda darɓa take yaɗawa, ya ƙarasa ta. Dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace. Jirgi kuma ya daina zama abin dogara. Abin da ya rage a tashoshi shi ne tsofaffin gine-gine da filin da ake jibge buhuna. Yaranmu da yawa suna wucewa ba su san a nan kakanninsu suka fara riƙe kuɗi a hannu ba.

Tashi na uku na kwalta ne, shi muke ciki. Gari yana juya wa tasha baya yana fuskantar titi. Gujungu ita ce babbar shaida. Hanyoyin Kano, Haɗeja, Gumel da Jahun sun haɗu a nan, kasuwarta ta ranar Lahadi kuwa tana jawo masu sayen hatsi, riɗi da dabbobi daga nesa ƙwarai. (Mun san waɗansunmu da an tashi sujada sai su kama hanya da sauri kada ciniki ya wuce su. Wannan magana ce ta wata rana.) Zaman bakin titi yana da riba, yana kuma da nasa haɗari. Ba za mu manta da daren 15 ga Oktoba 2024 ba, da tankar mai ta faɗi a Majiya ta kama wuta, aka rasa wajen mutum 200, aka binne da yawa a kabari ɗaya. Wurin nan ma ya shiga cikin alamomin ƙasarmu. Allah ya ta'azantar da iyalansu.

Me ya sa aka manta kwari?

Mu koma kan sitonmu. Tsohon nan ya ga ruwa a wurin, mu ba mu gani ba. Dalili kuwa a fili yake. Kafin 1974 Kogin Haɗeja yana cika ya batse kowace damina yadda ya ga dama. A shekarar nan aka gama madatsar Tiga, a 1992 kuma ta Challawa, ruwan da ke saukowa ya zama sai yadda aka sake shi. Ga fari na 1973, ga na 1984. Shekaru wajen ashirin kwari da yawa suka bushe. Waɗanda aka haifa a lokacin suka tashi suna ganin fili, suka yi gini, suka sayar, suka saya. Daga baya damina ta dawo da ƙarfinta, rairayi ya cike cikin kogi, kacala ta toshe hanyoyin ruwa a ƙasa da mu wajen Haɗeja. Ruwa da ya rasa hanya sai ya nemi tsohon makwancinsa. Tsofaffi ne kaɗai suka ga ƙasar nan kafin Tiga da idonsu. Ku ƙirga su nawa suka rage a unguwarku.

Iyaka da burtali

Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Taura mutum kusan 132,000, a kan ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita wajen 650. In an raba, kowane mutum rabin hekta ke nan, har da gari da hanya da maƙabarta a ciki. Tun daga lokacin an ƙaru ƙwarai, ƙasa kuwa ba ta ƙaru ba. Shi ya sa taku biyu na iyaka, abin da kakanninmu ba za su ɗaga kai su duba ba, yau yake kai 'yan'uwa gaban alƙali.

Dā iyaka tana da rai. Akan bar layin gamba tsakanin gona da gona, a dasa aguwa ko bi-ni-da-zugu a bakin burtali, a bar gawo ko ɗorawa a kusurwa. Gamba tana ba da zana, tana kuma tare iska. Yanzu garmar shanu da tarakta suna cin layin kaɗan kaɗan kowace shekara, mai gawayi ya sare itacen kusurwa, dattijon da ya san maganar ya rasu. Burtali ma haka. Hanyar da dā garke yake wucewa a sake ta koma ta mutum ɗaya. Bafulatani ya zo da shanunsa inda ubansa ya bi, ya tarar da wake. Mu manoma mukan ce shanu sun shiga gona. Gaskiya a faɗe ta, wani lokaci gonar ce ta shiga hanyar shanu. Yawancin burtalin nan sun girmi gonakin da ke gefensu.

Ga kuma maganar doka. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa filaye duka a hannun gwamna bisa amana, ƙaramar hukuma kuma ita take ba da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara. In hukuma ta karɓi fili domin aikin jama'a, abin da doka ta fi dubawa wajen diyya shi ne abin da ke kan filin: gini, rijiya, amfanin gona, itatuwa masu amfani. Watau kukar nan da ɗorawar nan da wani yake gani kamar sun tare masa hanyar garma, su ne shaidarsa, su ne kuma abin ƙirgawa ran da masu safiyo suka zo. Jihar Jigawa an yanke ta daga Kano ran 27 ga Agusta 1991, a shekarar nan kuma aka kafa Masarautar Ringim wadda Taura take ciki. Takardun dā na gunduma ba lalle a same su kusa ba. Abin da muka rubuta da hannunmu, da shaidu, shi ne a hannunmu.

Aikin da za mu yi kafin taro mai zuwa

Kowace ƙungiya ta sayi littafi guda mai kauri, dabam da na kuɗi, magatakarda ya riƙe. A zaɓi mutum uku, da mace a ciki. Kada a bar mata a baya, gama su suka san rijiyoyi, da inda ake samun kuka da kalwa, tsohuwa kuma takan tuna wanda ya auri wa, abin da yake warware maganar gado.

A je wurin tsofaffi biyu ko uku, kowanne shi kaɗai, da goro a hannu, da yamma bayan an taso daga gona. Kada a tsaya ga 'yan ƙungiya. Maƙwabtanmu Musulmi, da liman, da arɗon Fulani, ƙasa ɗaya muke zaune, wani abin su suka fi mu sani. A fara sanar da mai unguwa da dagaci, kada a ce muna auna gonakin mutane a ɓoye. Tsoho ba ya riƙe shekara da lamba, saboda haka a tambaye shi da abin da ya faru: kafin kuɗi su koma naira ne ko bayan haka? Wannan 1973 ke nan. Kafin a yi Jihar Kano? 1967. Shekarar da ciwon bushiya ya kashe shanu? 1983. In biyu sun saɓa, a rubuta duka biyu, kada a zaɓa.

Ga abin da za a tambaya. Wane ne ya sari unguwar nan, daga ina ya zo, me ya taso shi? Ina kufai, ina tsofaffin rijiyoyi, wace ce ba ta ƙafe ba a farin 1973? Ina ruwa yake kaiwa a shekarar da ya fi yawa? Ta ina burtali ya bi, faɗinsa taku nawa ne a dā? Mene ne sunan kowane kwari da kowane fako?

Sa'an nan a fita da ƙafa, da tsohon in yana iyawa, in ba ya iyawa a ɗauke shi a amalanke. A zana taswira ko da ba ta yi kyau ba, gabas a sama ko arewa, muddin an rubuta. Mai waya ya ɗauki hoton kowace alama. Gonar ƙungiya kuwa, a kira maƙwabta huɗu su tsaya, a dasa itace a kowace kusurwa da farkon damina, kowa ya sa hannu ko ya dangwala a littafi.

Ƙungiyar da take shirin gina sito ko haƙa rijiya bana, ta dakata tukuna har an kawo littafin an karanta a taro. Namu sabon siton mun mai da shi kan jigawa, bayan kukoki, inda mota ba ta kaiwa sai an sauke kaya a amalanke.